Yadda Ake Zaɓar Modem na Ciki don Tsohuwar Kwamfuta

Modem na ciki kati ne da ake sokewa a cikin kwamfuta don haɗa ta da layin tarho. Kafin ka sayi komai, kwance murfin kwamfutar ka duba ramukan da ke kan babban allonta. Dogon baƙin rami shi ne ISA, gajeren fari kuma PCI. Kwamfuta mai furosesa 386 da yawancin masu 486 ba su da ramin PCI. Na sha ganin mutum ya sayo katin PCI yana ta murna, ya iso gida ya rasa inda zai soke shi.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne Winmodem. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni suka cika kasuwa da wani modem mai arha da aka cire masa na'urar da ke sarrafa aikinsa, aka ɗora wa furosesar kwamfuta nauyin ta hanyar direban Windows. A DOS, tsohuwar manhajar da ta gabaci Windows, ko motsi ba ya yi. A kan 486 kuwa sai kwamfutar ta riƙa jan ciki, layi yana yankewa. Ni kaina na kwana uku ina fama da irinsa, ina zargin wayar tarho, ashe katin ne. Ka riƙe shi a hannu ka duba: in ƙarami ne, kusan fayau, da guntun cif ɗaya ko biyu, ko ka ga an rubuta HSP ko HCF, ajiye shi. Na gaske yana da cif da yawa, kuma na ISA galibi yana da ƴan jamfa (ƙananan filogi da ake sokawa a kan fil-fil na katin) na zaɓen COM, wato ƙofar da kwamfuta ke magana da na'ura ta cikinta, da IRQ, wato lambar da na'ura ke jan hankalin furosesa da ita. Ni dai US Robotics Sportster mai jamfa nake nema, ko da mai gwanjon ya ninka kuɗin.

Jamfar nan ita ce mataki na gaba. COM1 da COM3 suna raba IRQ 4, COM2 da COM4 kuma IRQ 3. In linzaminka yana kan COM1 ka sa modem a COM3, da zarar ya fara buga lamba linzamin zai sandare. Sa shi a COM2 da IRQ 3, ka kashe COM2 na allon a BIOS (saitin farkon kunna kwamfuta) ko ta jamfarsa.

Kada gudu ya ruɗe ka. A 1997 tsare-tsaren modem biyu masu gudun 56k, x2 da K56flex, ba sa fahimtar juna, sai a 1998 tsarin V.90 ya haɗa kansu, don haka in 56k kake so, nemi mai V.90. Ko shi ma turawarsa ba ta wuce 33.6k. Ga 486, modem mai 33.6k ya wadatar.

Soke katin, sa wayar bango a ramin LINE, buɗe HyperTerminal, manhajar Windows ta magana da modem, ka rubuta AT. In ya amsa OK, ka gama. Da damina, hadari na tasowa ka zare wayar tarhon, don tsawa ta nan take bi ta ƙone katin.