Yadda Nake Ɗora Makullin Yatsa a Ƙofar Gida

Makullin da ake buɗewa da yatsa, ko lambar sirri, ko kati, ya cika shaguna yanzu, kuma yawancin waɗanda ake kawo mana daga Sin da manhajar Tuya Smart ko TTLock suke aiki. Ɗora su sana'ata ce, kuma abin da ya fi jawo wa maigida asara shi ne sayo makullin kafin a auna ƙofar. Saboda haka ni da tef ɗin awo nake farawa.

Abu uku za ka auna. Kaurin ƙofar tukuna, domin shi zai nuna tsawon sukurori da sandar hannu da kake bukata. Sai tazarar da ke tsakanin bakin ƙofa da tsakiyar ramin hannu, sannan daga tsakiyar ramin hannun zuwa tsakiyar ramin mabuɗi. Awon nan biyu na ƙarshe su ne sunan akwatin makullin da ke shiga cikin ƙofa. In ka ga an rubuta 6068, milimita 60 da 68 ake nufi, shi aka fi samu a manyan ƙofofin tsaro. 5050 kuwa a ƙofofin katako na ɗaki. Mafi sauƙi, ka kwance tsohon akwatin ka tafi da shi shago a gwada da sabon.

Ka kuma dubi lafiyar ƙofar da kanta. Ƙofar ƙarfe ta mai walda da ta sauka, wadda sai an ɗaga ta ko an sa kafaɗa take rufuwa, ba ta shirya karɓar wannan makulli ba. Ƙaramin inji ne a ciki, da batir yake motsi, ba shi da ƙarfin hannun mutum. A irin waɗanda injin ne ke tura sakata, in sakatar tana gogar firam, ko dai batir ya riƙa ƙarewa da wuri ko ta maƙale rabin hanya. A kira mai walda ya daidaita ta, har sai ta rufu da turin yatsa ɗaya. In kuma ƙofar waje ce da rana da ruwan sama ke duka, a nemi mai alamar IP65, wato mai jure ƙura da ruwa, a yi masa 'yar rumfa a sama.

Wajen ɗorawa, ƙofar ta kasance a buɗe daga farko har ƙarshe. Wannan ba na sassautawa a kansa. Fara da juya hannun makullin zuwa ɓangaren da ya dace da ƙofarka, dama ko hagu. Sukuru ɗaya ne yawanci ake kwancewa a bayan hannun. Zura akwatin a raminsa, gefen harshen da aka fere yana fuskantar firam, yadda zai zame ciki in an turo ƙofa. Sai sandar hannu mai kusurwa huɗu. A nan ka natsu, domin a bayan fuskar waje, wato ɓangaren makullin da ake ɗaurawa ta wajen ƙofa, akwai wata 'yar kibiya a inda sandar ke shiga, kuma takardar da ta zo cikin kwali ta faɗi inda za ta kalla. In ta kalli wani wuri daban, za ka sa yatsa, makulli ya yi ƙarar amincewa, ka danna hannu ya tafi a banza. A wasu ma ya fi haka muni, kowa ya danna daga waje sai ta buɗe.

Ratsa igiyar waya ta raminta zuwa fuskar ciki, ka haɗa ta, ka lanƙwasa ragowar a hankali inda sukuru ba zai cije ta ba. Kada ka jefar da robar da ke shiga tsakanin makulli da ƙofa, ita ke tare ƙura da danshi. Ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan, sama da ƙasa bi da bi, kana gwada hannun. Da ka ji ya yi tauri ko ba ya komowa da kansa, ka matse da yawa ne, sassauta.

Batir kuwa, AA guda huɗu yawancinsu ke ci, wasu takwas. Sayi mai rubutun Alkaline, ka guji masu arhar nan na tocila da rediyo, domin suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Kada a haɗa sabo da tsoho.

Da ya kunna, abu na farko shi ne rajistar shugaban makulli, wato yatsa ko lambar wanda zai riƙa ƙara sauran masu buɗewa. Da yawansu a yadda suka fito daga masana'anta kowane yatsa na buɗe su, kuma lambar 123456 ce a kansu, sai an yi wannan rajistar suke zama makulli na gaske. Kowa a gida ya sa yatsa biyu, ɗaya a kowane hannu. Lokacin hunturu fata na bushewa ta tsage, na'urar ta kasa karantawa. Hura wa yatsan iskar baki yakan wadatar. Tsofaffi da ƙananan yara zanen yatsunsu ba ya fitowa sosai, ni kati nake ba su, don ba na son Hajiya ta dawo daga unguwa ta tsaya a rana tana ta dangwale.

In na Tuya ne, Wi-Fi mai 2.4GHz kaɗai yake kamawa, ka tabbata wayarka tana kansa lokacin haɗawa. TTLock da Bluetooth yake magana da waya, sai ka ƙara sayen ƙaramar na'urarsa ta haɗi da intanet in kana so ka buɗe daga nesa. Abin da na fi so a manhajojin nan shi ne lambar wucin gadi: mai gyaran famfo ko baƙo a ba shi tasa, a sa mata ranar ƙarewa, ba sai an ba shi ta gida ba.

Ɗaukewar wuta ba ta hana shi aiki, buɗewa daga nesa ce kawai ke tsayawa in intanet ɗin gidan ya mutu. In batir ya ƙare kana waje, akwai ramin USB a ƙasan fuskar waje. Jona fawa banki, makullin ya farka, ka sa yatsa. Mabuɗan ƙarfe da suka zo cikin kwali kuma kada su kwana a cikin gidan da suke buɗewa. Ɗaya a mota ko jaka, ɗaya wurin ɗan'uwa da ka yarda da shi.

Kafin ka rufe ƙofar karon farko, gwada yatsa, lamba, kati da mabuɗi ɗaya bayan ɗaya tana buɗe. Sannan ka sa wani ya tsaya a ciki, kai ka fita, a rufe, ka sake gwada su duka.