Yadda ake haɗa na'urar sarrafa sauti da hannu ba tare da sautin ya riƙa karkarwa ba

Kusan duk wanda na gani ya fara wannan aiki, kuskurensa ɗaya ne: ya sayo sensa kala bakwai ya jera, ya jona su gaba ɗaya, sannan ya rasa wacce ce ke kawo matsala. Ka fara da guda biyu kawai: maɓallin murɗawa mai kilo-om 10, irin na ƙara murya, da sensar matsi da ake kira FSR, wadda ke jin ƙarfin dannawar yatsa.

Allon da za ka saya, wato ƙaramar kwamfutar da za ta karanta sensa, ya zama Arduino Leonardo ko Pro Micro, ko kuma Teensy. Kar ka ɗauki Uno don ka ga shi ya fi yawa a hannun mutane. Kwamfuta ba ta karɓarsa kai tsaye a matsayin kayan kiɗa na MIDI, wato tsarin saƙonnin da kayan kiɗa ke aika wa kwamfuta, sai an yi masa dabaru. Leonardo kuwa da ƙunshin MIDIUSB, wanda ake ƙarawa a manhajar Arduino, magana ta ƙare. Kwaikwayon Pro Micro mai araha yana aiki lafiya, sai dai bakin USB ɗinsa yana saurin ɓallewa, don haka ka ɗaure wayar.

Maɓallin ƙafa uku gare shi: ta gefe ɗaya zuwa wuta, ɗayar zuwa GND (layin ƙasa na allon), ta tsakiya zuwa A0 (ƙafar allon mai ɗaukar karatu). Sensar matsi ƙafarta ɗaya zuwa wuta, ɗayar kuma tana son razista mai kilo-om 10 tsakaninta da GND, ka ɗauki karatu daga mahaɗarsu zuwa A1. Kafin ka taɓa zancen sauti, buɗe tagar Serial Monitor ta manhajar Arduino ka zauna ka kalli lambobin da allon ke karantawa.

A nan ni na sha wuya. Allon yana karanta 0 zuwa 1023, MIDI kuma tun fitowarsa a 1983 saƙon sarrafawarsa 0 zuwa 127 ne. Sai na raba da 8 na tura, na ɗauka shi ke nan. Hannuna ba ya kan maɓalli, amma sautin yana ta karkarwa kamar mai jin sanyi. Kwana biyu ina zargin manhajar kiɗa, ashe karatun ne ke lilo tsakanin 511 da 512. Raba na farko da 8 ka samu 63, na biyu 64, allon kuma yana ta aika su ba hutu.

Maganin hawa uku ne, kuma ban yarda a tsallake ko ɗaya ba. Ka tara karatu takwas na ƙarshe ka ɗauki matsakaicinsu. Ka ajiye karatun da ka tura na ƙarshe, kar ka sake turawa sai sabon ya nisance shi da kamar 4 ko 5 a ma'aunin 1023, ba a na 127 ba. Sannan ka sa ƙaramar kafasita mai 0.1 µF tsakanin ƙafar tsakiya da GND, wayoyin kuma su zama gajeru. Amma kar ka wuce gona da iri: wanda ya tara karatu hamsin zai murɗa yanzu ya ji sauyin anjima, makaɗi kuwa ba ya yafe jinkiri. In daga baya ka ƙara fiyezo, wato sensar da ke jin bugu, shi ba a yi masa matsakaici. Ƙololuwar bugun ake kamawa, a sa masa razista mai mega-om 1.

Sensar matsi tana da nata halin. Da wuya ta ba ka 0 zuwa 1023 cif. Ka sa allon ya yi daƙiƙa biyar na farko yana lura da mafi ƙanƙanta da mafi girman karatu yayin da kake dannawa, sai ya shimfiɗa wannan tazarar a kan 0 zuwa 127.

Sauran mai sauƙi ne. Ka ba maɓalli lambar saƙon sarrafawa na MIDI, wato CC 74, wadda aka saba ɗora wa hasken sauti, matsi kuma CC 1. Buɗe manhajar kiɗa ta Pure Data, kyauta ce, ko Ableton Live in kana da ita, ka haɗa kowace lamba da abin da za ta juya. Ni matsi ba na ba shi ƙarar murya, na fi son ya buɗe sauti ya rufe, don a nan yatsa ya fi magana. Ka yi mako guda kana kaɗawa a allon gwaji, ka ga inda hannunka ke son kowane abu ya zauna, sannan ka liƙe da dalma ka sa a akwati.