Yadda za ka ba kafinta ƙirar kwale-kwalen da ba ya cin ƙarfin matuƙi

Masunta biyu za su tashi tare daga bakin dam ɗin Zobe da ke jihar Katsina, ƙarfinsu ɗaya, amma ɗaya ya isa wurin komarsa ya bar ɗan'uwansa yana haki. Yawanci ƙirar jirgin ce ta raba su. Ruwa yana riƙe jirgi ta hanya biyu: yana gogar duk katakon da ya nutse a cikinsa, sannan jirgin yana ɓarnar ƙarfi wajen tayar da igiyar ruwa. William Froude, wani injiniyan Ingila, shi ya rarrabe hanyoyin nan biyu a shekarun 1870. Kafin ka ba kafinta kuɗin katako, ku daidaita a kan abubuwan da ke tafe.

Fara da tsawo, kuma tsawon da ke kwance a kan ruwa za ka auna, ban da goshin da ya ɗaga sama. Gajeren jirgi yana da iyakar gudu: mai mita 4 da ya kusanci kilomita 9 a awa sai ya fara hawan igiyar da ya tayar da kansa, ka yi ta tuƙi a banza. Mai mita 9 sai wajen kilomita 13 zai gamu da wannan. Shi ya sa sa wa gajeren kwale-kwale babban inji sau da yawa ƙona fetur ne kawai.

Sai faɗi, kuma nan ne gardamar take. Siririn jirgi ya fi yanka ruwa. Kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987, a yankin jihar Yobe ta yau, mai kimanin shekaru 8,000, tsawonsa ya haura mita 8 amma faɗinsa rabin mita ne. Sai dai kai ba tsere za ka ba. Mai jefa birgi a tsaye yake jefawa, kuma iskar hunturu a dam ɗin Sabke ko na Daberam ba ta wasa. A ganina gara ka ƙara tsawo ka bar faɗin da zai riƙe ka. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi tsayuwa daram kuma yana shiga ruwa marar zurfi, ko da yake mai zagaye ya fi santsi.

Na uku, a fiƙe goshin, katakon ya buɗe a hankali har zuwa tsakiya. Bayan jirgin ma haka, kuma shi aka fi mantawa. In aka datse shi kamar akwati ya nutse, ruwa zai riƙa juyi a bayansa yana jan ka. In ba inji za ka ɗaura ba, ka ce a matse shi, a ɗan ɗaga.

A goge ƙasan sumul, a nutsar da kan ƙusoshi, kada a bar kwalta ta yi tudu a mahaɗar katako. Bayan an fara aiki, riƙa fito da shi kana kankare gansakuka.

Ranar gwaji, ɗora kayan da ka saba ɗauka a tsakiya, wani ya tsaya a gaɓa ya duba ko jirgin ya kwanta daidai. Ka kwashe ruwan ciki tukuna, don kowace lita kilo guda ce. Yi tuƙi goma da filafili, ka ɗaga hannu. In ya ci gaba da zamewa a miƙe, biya cikon kuɗin. In ya tsaya nan take ko ya karkata, kira kafintan ya gani da idonsa.