Dishewar murya saboda ƙwannafi: kurakuran da muke yi wajen gyara cin abinci

Wata biyar na yi ina shan zuma da lemun tsami kullum da asuba, a kan cewa sanyi ne ya kama mini murya. Ni malamin makaranta ne, da safe boko, da yamma Islamiyya, don haka murya ita ce jarina. In na tashi sai in ji ta a dishe kamar wanda ya kwana yana ihu a filin ƙwallo, ga wani abu tsaye a maƙoshi, in haɗiya ba ya wucewa, in yi kaki ba ya fitowa. Gyaran murya kuwa har ɗalibai suka fara kwaikwayona a bayan aji. Ranar da na kai kaina wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya zura mini siririn bututu mai kyamara ta hanci, ya nuna mini bayan maƙogwarona a allo, ya yi ja ya kumbura. Ya ce ruwan ciki ne yake hawowa. Na ce, "Likita, ni fa ba na ƙwannafi." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kusan kowa haka yake ce mini."

Kuskuren farko ke nan, kuma daga shi sauran suke fitowa. Mun saba da ƙwannafi mai zafin ƙirji da gyatsa mai tsami. Amma akwai wanda ruwan cikinsa yake haurowa har maƙogwaro ba tare da ya ji komai a ƙirji ba. Likitoci suna kiransa LPR, kuma wata likitar murya a Amurka, Jamie Koufman, tana cikin waɗanda suka fito da shi fili tun 1991. Bututun abinci yana da ɗan juriya ga tsamin ciki. Maƙogwaro da jijiyoyin murya ba su da ita, kaɗan ya ishe su kumbura. Wanda bai yarda daga ciki abin yake zuwa ba, wuya zai yi ta yi wa magani, ciki kuwa yana can yana aikinsa.

Lemun tsami, tsamiya da zoɓo

A nan na fi cutar da kaina, kuma a nan na ga mutane sun fi taurin kai. Ka ce wa mai wa'azi ko mai gabatar da shiri a rediyo ya bar lemun tsami, sai ya dube ka kamar ka ce ya bar shan ruwa.

Ga yadda abin yake. Ba tsami kaɗai ne yake hawowa daga ciki ba, yana tafe da wani sinadari mai narkar da nama da ake kira fefsin. Shi wannan in ya hau maƙogwaro mannewa yake yi. Idan babu tsami sai ya kwanta luf, bai mutu ba, bai kuma tafi ba. Da zarar wani abu mai tsami ya bi ta kansa sai ya farka ya ci gaba da cin fatar wurin, kuma bai damu ba ko daga ciki tsamin ya hawo ko daga kofi ya gangaro. Wato ni da hannuna nake tashinsa kowace asuba.

Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH. Ruwan sha yana wajen 7, kuma duk yadda lambar ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3. Baƙin lemon kwalba yana wajen 2.5. Zoɓo da tsamiya ba su yi musu nisa ba, sukari ne kawai yake rufe wa harshe ido. Tumatirin gwangwani, abarba, lemun zaƙi da ɗanyen mangwaro duk suna cikin sahu. A 2011 Koufman ta gwada mutum 20 da magani ya kasa yi musu aiki, ta hana su duk abin da yake ƙasa da 5 na tsawon mako biyu, 19 suka samu sauƙi. Gwajin ƙarami ne, ba a gina gida a kansa, amma hanya ce da ba ta cin ko sisi.

Gyaran shi ne ka ajiye waɗannan gaba ɗaya na mako biyu zuwa huɗu, daga baya ka dawo da su ɗaya-ɗaya. Zumar ba ta da laifi, sha ta a ruwan ɗumi zalla. Kunun gyaɗa a dama shi ba tsamiya, ko kuma a koma kunun alkama ko na acca. Kokon da gasararsa ta kwana biyu ta yi tsami, da nonon da ya yi tsami sosai, su ma a ɗan ja baya da su.

An bar yaji, an ci gaba da cin tuwo ƙarfe goma

Da na dawo daga asibiti abin da na fara yi shi ne na sa aka daina sa attaruhu a miyata. Uwargida ta riƙa yi mini tukunya daban, miyar ta zama lami, ina ci ina jin kaina jarumi. Amma fa sai bayan isha'i da hira a ƙofar gida nake shigowa, in zauna in share malmala biyu, in kora da ruwa kofi biyu, kafin rabin awa na miƙe a katifa. Wata guda babu abin da ya canza. Ita ce ma ta fara ganewa, ta ce, "Malam, anya yajin ne? Ni dai cikin dare ina jin kana ta tari da haɗiyar yawu."

Gaskiyarta. Yaji yana ƙona wurin da ya riga ya kumbura, rage shi yana da amfani. Amma abin da yake tura ruwan ciki sama shi ne cikakken tumbi da kwanciya. A tsaye nauyi yana riƙe abinci a ƙasa. A kwance kuwa tumbi da maƙogwaro sun zo daidai, kamar ka kwantar da gorar da murfinta bai rufu sosai ba. Shi ya sa muryar ta fi lalacewa da safe.

A bar aƙalla awa 3 tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. Mai kwanciya ƙarfe goma ya gama ci kafin bakwai, wato dai da magariba, kamar yadda iyayenmu suke yi a ƙauye tun kafin wani likita ya faɗa. Babban ci ya koma rana, na dare ya zama rabin abin da aka saba. Shayin dare a wurin mai shayi, mai madara da burodi da wainar ƙwai, shi ma abinci ne, kada a cire shi daga lissafi. Ƙailula bayan an cika ciki da rana ita ma haka take.

Tara matasan kai uku ba ya magani, lanƙwasa mutum yake yi a ciki ya ƙara matse tumbi. A ɗaga kan gadon ne gaba ɗaya da kamar santimita 15 zuwa 20, bulo ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa ta wajen kai. Mai katifa a ƙasa ya cusa wani abu a ƙarƙashinta ta yadda za ta gangara tun daga ƙugu. Kwanciya ta ɓangaren hagu tana rage hawowar ruwan, saboda yadda tumbi yake zaune a jiki.

Watan azumi kuwa sai an yi da gaske, musamman limamai da masu jan baƙi. A sha ruwa da kunun tsamiya, ƙosai da zoɓo mai ƙanƙara a kan cikin da ya wuni babu komai, a tashi a yi ta ruku'u da sujada a tarawihi, a dawo a ci tuwo, a kwanta. Da sahur a sake cikawa, ana sallame asuba a koma barci. Ba mamaki kafin goman tsakiya murya ta tafi. Abin da ya yi mini aiki: dabino da ruwa da ɗan abu marar mai da magariba, abinci sosai da zarar an dawo daga masallaci ba sai dare ya raba ba, sahur marar nauyi, bayan asuba kuma in zauna da karatu har rana ta fito. In barci ya ci ƙarfina sai in jingina a kujera.

Madara da kanwa

Madara tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, daga baya furotin da kalsiyam da ke cikinta su sa ciki ya ƙara zubo tsami, maiƙonta kuma ya jinkirta narkewa. Kofin madara kafin barci cika ciki ne kawai a lokacin da ake son ya zama fayau. Jiƙon kanwa yana kashe tsami nan take, amma yana tara iska, gyatsar da za ta biyo baya ta ɗauko ruwan ta kai shi maƙogwaro. Ga gishirin da ke cikinta, wanda mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba ya bukata.

Maiƙo ma ana mantawa da shi. Awara, ƙosai, soyayyen dankali, wainar fulawa, balangu mai kitse, miyar da manja yake iyo a kanta, duk suna daɗewa a ciki kuma suna sassauta ƙofar da ke tsakanin tumbi da bututun abinci. Goro, kofi da shayi mai kauri suna iya yin haka ga wasu. Alawar minti da muke tsotsa kafin mu hau mumbari ko mu shiga aji tana sanyaya wuya, sai mutum ya ɗauka ta buɗe, alhali minti yana cikin masu sassauta wannan ƙofa. Taba da shisha ba sai an tsaya bayani ba.

Haramta wa kai komai

Wani abokin aikina ya samo jerin abinci talatin a waya, ya bar su duka rana ɗaya. Ya koma farar shinkafa da dafaffen dankali, ya rame, wando yana zamewa, ransa kullum a ɓace. Mako uku ya gaji, ya je ya huce a kan tsire da lemo mai sanyi.

Ba a bukatar haka. A 2017 wani likita a jihar New York, Craig Zalvan, ya kwatanta marasa lafiya 85 da aka ba maganin rage tsamin ciki da wasu 99 da aka ɗora a kan abinci mai yawan ganye, hatsi da 'ya'yan itace da ƙarancin nama, tare da wani ruwan sha na musamman marar tsami da ake kira alkaline. Kimanin kashi 63 cikin ɗari na masu abincin sun samu sauƙi na a zo a gani, masu magani kuma kashi 54. Daga tsofaffin fayiloli aka tattara bayanan, don haka ba hujja ba ce ta jefar da magani. Abin da ya ja hankalina shi ne irin abincin, domin kusan duk muna da shi: tuwon dawa ko gero da miyar kuka ko kuɓewa, taushe da kabewa, alayyahu, zogale, faten wake ba manja da yawa, acca, kifi gasasshe, gwanda, kankana, ayaba. Ba sai an sayi wancan ruwan na roba mai tsada ba, kada kuma wani ya ce zai haɗa nasa da kanwa.

Jikin kowa da abin da yake ƙi. Ni ɗanyar albasa ce da goro, tumatir dafaffe kaɗan ba ya yi mini komai. A bayan littafin darasi na gano haka, ina rubuta abin da na ci da dare da yadda murya ta tashi da safe.

Gaggawa

Zafin ƙirji yana iya lafawa cikin kwanaki, amma kumburin maƙogwaro yakan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani har 6. Masu cewa "na gwada bai yi ba" yawanci kwana goma suka yi. Wanda likita ya rubuta wa omeprazole, maganin rage tsamin ciki, kuma ya sha shi minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Da yawa bayan sun ci suke sha, ko sai sun ji zafi, sannan su ce jabu ne. A kula da ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis don ciwon jiki, suna ƙara ɓata ciki. In gyaran murya ya taso, a kurɓi ruwa a haɗiye maimakon a yi kaki da ƙarfi, domin kowane kaki gwara jijiyoyin murya yake yi da juna. Raɗa ma gajiyar da su take yi.

Ɗora wa ciki laifin kowace dishewa

Wannan ya fi sauran hatsari. Ƙullutu a jijiyar murya saboda yawan ɗaga ta, shanyewar jijiya, tarin fuka da ya kama maƙogwaro, har da ciwon daji, dukkansu suna iya farawa da dishewa, kuma babu miyar da za ta warkar da su. Muryar da ta kai mako 4 ba ta dawo ba, a je likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da idonsa kafin a fara dogon shan magani. In akwai wahalar haɗiya ko numfashi, jini a kaki, rama ba dalili, ƙullutu a wuya, ko kuma mutum mai shan taba ne, ba a jira mako huɗun ma. Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin gwamnati suna da wannan sashe. Leƙawar ba ta kai minti biyar ba, ana fesa maganin kashe zafi a hanci, abin da na ji kawai ɗaci ne a harshe da ƙwalla a ido ɗaya.