Yadda ake haɗa babur mai injin gas: zaɓen inji, lissafin sarka da abubuwan da ke ɓata aikin

Tun da farashin fetur ya tashi a 2023, matasan makanikai a Katsina da Daura suke yawan tambaya ko injin gas, wato dizal, irin na ban ruwa zai ɗauku a kan babur. Yana ɗaukuwa, kuma an daɗe ana yi. Kamfanin Royal Enfield na Indiya ya sayar da babur mai suna Taurus a shekarun 1990, mai injin dizal cc 325 da ƙarfin doki shida da rabi. A Jamus akwai Sommer mai injin Hatz cc 462. Sojojin Amurka ma sun yi amfani da Kawasaki KLR650 da aka mayar mai shan dizal.

Da yawa sun samo sha'awar ne daga shirye-shiryen talabijin irin American Chopper, wanda tashar Discovery ta fara nunawa a 2003. A can za ka ga tartsatsin walda, da fenti mai sheƙi, da cacar baki tsakanin uba da ɗa, kafin awa guda babur ya tashi. Aikin makonni ne aka yanke aka haɗa. Awon ƙarfe da lissafin giya ba sa jan masu kallo, shi ya sa ba a nuna su, alhali a babur mai injin gas su ne aikin.

Wane inji?

Ka manta da injin niƙa mai tukunyar ruwa a ka, nauyinsa ya fi ƙarfin kowane firam na babur. Wanda ya dace shi ne mai silinda ɗaya da iska ke sanyaya shi, irin na famfon masu noman rani a Ajiwa, Jibiya da Daberam. Yawancinsu 'yan Sin ne da aka kwaikwayo daga ƙirar Yanmar, kuma iri uku ne suka fi yawa. 170F yana da cc 211 da doki wajen huɗu, ya yi kaɗan. 178F cc 296 ne, doki shida, kilo talatin da 'yan kai. 186FA cc 418 ne, doki tara zuwa goma, yana dab da kilo 50. In mutum ɗaya zai ɗauka a cikin gari, 178F ya isa. In za a ɗora buhu ko a hau titin Mashi zuwa Daura, sai 186FA.

Kafin ka biya kuɗi, duba bakin shaf ɗin da ke fitar da ƙarfi. Wanda aka ciro daga janareta bakinsa mai tsini ne, yana sirancewa zuwa ƙarshe, na famfon ruwa kuma sau da yawa zare gare shi. Dukansu fuli, wato faifan da bel ke hawa, ba ya zama a kansu sai an kai wa masu injin feƙe ƙarfe. Nemi miƙaƙƙen shaf mai tsagin makulli, ka auna shi: akwai mai milimita 25, akwai mai inci ɗaya, wato 25.4. Wannan ɗan bambancin ya isa ya hana fuli shiga, ko ya bar shi yana lilo har ya cinye tsagin.

Giya: inda yawancin aikin ke mutuwa

Baburan da muke hawa, Bajaj Boxer da Jincheng da ire-irensu, inji da giya a gida ɗaya suke. Ka sauke inji, ka sauke giya da kuloci tare. Injin gas kuwa shaf kawai yake ba ka.

Wasu suna ɗaura kulocin da ke kamawa da kansa su ja sarka kai tsaye zuwa tayar baya. Kada ka yi haka. Giya ɗaya ce ke nan, in ta dace da gudu ba za ta iya tashi da kaya ba, kulocin ya yi ta zamewa har ya ƙone, musamman a rairayin hanyoyin ƙauye. Wasu kuma suna cire silinda da fiston na tsohon injin su bar gidan giyar, sai injin gas ya riƙa juya shi da sarka. Wannan yana ba da giya huɗu, amma babur yana ƙara tsawo da nauyi, kuma ƙaramin kulocin da aka yi wa injin fetur cc 100 ba ya daɗewa a ƙarƙashin bugun dizal.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce fuli biyu masu buɗewa da rufewa da bel a tsakani, irin tsarin da ke cikin ƙananan baburan mata marasa canjin giya. Na kamfanin Comet aka fi sani, akwai kuma kwaikwayonsa. Samfurin 30 na ƙananan inji ne, samfurin 40 shi ya dace da 186FA: yana tashi da wajen 2.4 bisa 1 (inji ya juya sau 2.4, fuli na biyu sau ɗaya), ya ƙare a 1 bisa 1. Fuli na farko yana kan shaf ɗin inji. Na biyu yana kan wata sandar tsakiya da ke juyawa a kan boris biyu masu gida, a jikinta kuma ake sa ƙaramin faifan sarka mai jan tayar baya. Da wuya ka same shi a shagon kayan babur, yawanci sai an yi oda.

Yanzu lissafin. Injin fetur na ƙaramin babur yana haura juyi 7,000 a minti, injin gas kuwa gwamna, na'urar da ke ƙayyade juyin inji, ta tsayar da shi a 3,600. Taya mai lamba 3.00-18 tana cin ƙasa wajen mita 1.95 a juyi ɗaya (ka sa alli a tayarka ka gangara ta ka auna, kada ka dogara da lambar nan). Gudun kilomita 80 a awa mita 1,333 ne a minti. Raba da 1.95, ka sami juyin taya 684. Raba 3,600 da 684, ka sami 5.3. Wato kana bukatar faifan baya ya ninka na gaba a yawan haƙora sau biyar da ɗan ɗoriya: haƙori 12 a gaba, 60 zuwa 63 a baya, da sarka mai lamba 428. Babban faifan sai an yanka maka daga farantin ƙarfe, ko a ɗora zoben haƙora a kan tsohon.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin faifan da babur ya zo da shi, misali 14 da 42. Wannan 3 bisa 1 ne, a takarda yana nufin kilomita 140 a awa, gudun da doki goma ba zai taɓa kaiwa ba. Abin da zai faru shi ne fuli ba zai gama rufewa ba, bel ya yi ta zafi yana warin roba, inji yana baƙin hayaƙi, cikin 'yan kwanaki bel ya tsinke. Mai 178F ya nufi kilomita 65, wato 6.5 bisa 1, wanda sau da yawa sai an raba shi mataki biyu da ƙarin sarka.

Wani abu da ake tunawa bayan an gama walda: in ka tsaya kana kallon bakin shaf, injinan nan suna juyawa ne saɓanin hannun agogo. Saboda haka shaf ɗin ya fuskanci hagun mahayi, babur zai yi gaba. In sarkar baburka a dama take, sandar tsakiya ce za ta ƙetara da ƙarfin zuwa can. Ka juya inji ya fuskanci dama, baya zai ja ka.

Firam

Zaɓi firam na babur cc 150 zuwa 200, wanda bai taɓa karyewa ba. Injin 186FA tsayinsa ya kusa rabin mita, don haka bututun gaba sai an yanke an sake shi. Yi amfani da bututu marar ɗinki mai faɗin milimita 32 da kaurin 3. Bututun ruwa mai farin shafe bai dace ba, ba ya jure girgiza, hayaƙin waldarsa kuma guba ne. Duk inda ka haɗa bututu biyu, zura guntun bututu a ciki ya shiga kowane ɓangare santimita biyar kafin ka ƙona.

Inji da sandar tsakiya su zauna a kan faranti ɗaya mai kaurin milimita 8 zuwa 10. Dalili shi ne tazarar fuli biyun ba ta son motsi ko kaɗan. In ka ɗora inji a kan roba ka ɗaure sandar a firam, kowane bugu yana ja da sassauta bel. In kana son roba don rage girgiza, sa ta tsakanin farantin da firam, kuma mai tauri. Ƙaramin faifan sarka ya matso kusa da ƙusar da hannun tayar baya ke lilo a kai gwargwadon iko, in ya yi nisa sarka za ta riƙa tsukewa da sakewa duk lokacin da aka faɗa rami. Bar mata sassauci milimita 25 zuwa 30.

Kada ka ƙone walda gaba ɗaya tun farko. Ɗiga ta, ka ɗaura tayoyi, ka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ta gefe biyu ka ga sun yi layi, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar faifan sarka biyu. Sannan ka saki babur a tsaye ka ji inda yake rinjaya, domin ɓangaren fanka ya fi nauyi, wani lokaci sai an gusar da inji kaɗan. Bayan nan ne za ka ƙona, kana tsallakawa daga gefe zuwa gefe don kada zafi ya karkatar da firam. Kusoshi M10 masu lamba 8.8 a kai, da noti mai roba a ciki. Notin banza girgizar dizal tana kwance shi a mako guda.

Nauyi ya ƙaru, kuma tsarin bel ba ya riƙe babur sosai in gudu ya ragu. Sa birkin faifai a gaba da shokazoba mai ƙarfi a baya.

Mai, iska da totur

Injinan nan ba su da famfon jawo mai, gangarowa yake yi, don haka ƙasan tanki ya fi famfon nozul (bakin da ke fesa mai cikin silinda) tsayi. Wanke tankin fetur sarai, ka sa filtar gas a hanya, ka huda wuri a saman tanki don siririn tiyon da ke dawo da ragowar mai daga nozul. Gas na jarka mai ruwa ko ƙasa shi ke kashe famfo da nozul, ka bar shi ya kwanta ka tace. In mai ya ƙare a hanya iska ta shiga, sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul, ka danna sandar sakin matsi (wadda ke sauƙaƙa juya inji), ka ja igiya har mai ya fito ba kumfa, sannan ka ɗaure.

Wayar totur tana zuwa ne kan sandar gwamna, da sifirin mai dawo da ita. Babu fulogi, don haka makulli ba ya kashe inji sai in yana da bawul na lantarki. Ja waya ta biyu zuwa kusa da hannu wadda ke mayar da sandar har inda mai ke yankewa. Kusoshin gwamna da aka ɗaure da waya daga kamfani kada ka taɓa su don neman gudu. Babban faifan da ke jikin fanka ƙarfen zubi ne, in juyi ya wuce ƙima yana iya tarwatsewa tsakanin ƙafafun mahayi.

Murfin fanka ma ya zauna inda yake. A talabijin ana tuɓe inji don ya yi kyau, amma wannan murfin shi ke kora iska kan silinda, ka cire shi a zafin Afrilu fiston zai kama. Matatar iska kuma a lokacin hunturu duba ta kowane mako.

Baƙin mai 15W-40 na injin dizal: lita 1.1 a 178F, lita 1.65 a 186FA. Kada ka cika ya wuce alama. In ya yi yawa, ko babur ya faɗi yana kunne, man yana iya bi ta hanyar iska ya shiga silinda, inji ya kama gudu da kansa yana tuƙa hayaƙi, yanke gas ba zai tsayar da shi ba. Maganinsa toshe bakin iska da katako ko tsumma mai kauri, ban da tafin hannu. Juye mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100, a ƙurarmu gara ka rage. Tazarar bawul milimita 0.15 ce, inji na sanyi.

Tayarwa da igiya: ja a hankali har ka ji ta yi tauri, mayar da ita, danna sandar sakin matsi, sannan ka fizga da hannu biyu har ƙarshe. Rabin ja yana sa inji ya mayar da bugu ya fizge kafaɗa. Mai sitata kuwa batirin babur ba zai juya shi ba, yana son wajen 36Ah, sai ka tanadar masa akwati.

Wanda ke yi don tsimin kuɗi ya yi lissafi da kyau. Litar gas ta fi ta fetur tsada a mafi yawan lokaci, kuma ƙaramin babur cc 100 dama ba mashayi ba ne, ribar da ke tsakani ba ta da yawa. Amfanin wannan babur yana wajen jan kaya a hankali, da daɗewar inji, da rashin fulogi da kafireto.

Gwajin farko a fili za a yi, ba kaya, da hular kwano. Yi minti goma ka tsaya, ka taɓa gidajen boris, ka shinshina bel, ka bi kowane noti da sifana, ka duba bakin kowace walda ko akwai siririn tsagi. Maimaita bayan kilomita 50, sannan bayan 200. Lambar injin da ke takardun babur ta canza, saboda haka ka je ofishin lasisin ababen hawa a gyara ta, jami'an duba lafiyar abin hawa su gan shi, kafin ka fita Ƙofar Ƙaura da shi.