Wane baƙin mai zan zuba in aljihu ba nauyi?

Kafin ka tambayi kuɗin galan ka fara sanin lambar da injinka yake so. Ɗaga bonet ka duba murfin da ake zuba baƙin mai, motoci da yawa an rubuta a kai, in babu to yana cikin littafin motar, in ma littafin ya ɓata ka sa sunan motar da shekararta a intanet zai fito. Za ka ga abu kamar 5W-30 ko 0W-20 ko 10W-40. Lambar farko da ke gaban W tana nuna yadda man yake gudu lokacin da inji yake a sanyaye, wato in ka tada mota da safe, ta biyun kuma kaurinsa ne bayan inji ya ɗau zafi. Iya girman lamba iya kauri.

To a nan ne mutane da yawa suke kwafsawa, wai mai kauri shi ne mai kyau, kowace mota a ɗura mata 20W-50 don ya fi araha kuma bakanike ya ce yana riƙe inji. Gaskiya tsohuwar mota da injinta ya ci tafiya, ringi ya saki tana ɗan shan mai tana hayaƙi, wannan kaurin yana iya rufa mata asiri. Amma injinan yanzu hanyoyin da mai ke bi a cikinsu ƙanana ne sosai, musamman masu VVT-i irin na Toyota ko i-VTEC na Honda, wato tsarin da ke sarrafa buɗewa da rufewar bawul ɗin inji, da ƙarfin man ma suke aiki, in ka zuba mai kauri sai ya yi jinkirin hawa sama lokacin da aka tada mota, a wannan ɗan lokacin ƙarfe na gugar ƙarfe, ga shi kuma motar za ta ƙara shan fetur. Ka ga ɗan abin da ka rage a galan ya tafi a gidan mai ke nan.

Bayan lamba sai ka juya galan ka nemi API, wato alamar da ke nuna matakin ingancin man. Na fetur da S yake farawa, SL ko SM ko SN ko SP, duk harafin da ya fi gaba ya fi sabunta, SP ma a 2020 ya fito, kuma sabon yana zama a madadin tsohon. Na dizal da C yake farawa. In lamba ta dace API ma ya dace, ko man kamfanin da bai yi suna sosai ba ne, zai yi maka aiki, ba dole sai wanda ake ta talla ba. Motocin Turai dai suna da nasu sharaɗin, ACEA, wato ma'aunin ingancin mai na Turai, ko lambar kamfaninsu, wannan kar ka yi wasa da shi.

Maganar minaral, wato man da aka tace kawai daga ɗanyen mai, da sintetik, wanda aka ƙara sarrafawa ta hanyar kimiyya, kuwa lissafi ne kawai. Minaral ya fi araha amma wajen kilomita 5,000 ya kamata a yi juye, sintetik na asali yakan kai ninkin haka in littafin motar ya yarda, akwai kuma gauraye a tsakiya. Raba kuɗin da tafiyar da zai yi maka, wani lokaci mai tsadan ne ya fi sauƙi. In kullum cikin cunkoso kake ko ƙura ko gajeriyar tafiya, rage tazarar. Ko motar ba ta cika fita ba kar mai ya wuce shekara a ciki.

Abin da ni ba zan yarda a yi tsimi a kai ba shi ne man da aka auno daga duro ba suna ba lamba, da jabu. Duba hatimin murfi, in farashin ya faɗi ƙasa da na kowa ka tsorata, ka saya da hannunka wurin dila kuma a buɗe a gabanka. Galan ɗaya ya fi lita-lita araha, yawancin ƙananan motoci wajen lita 4 suke ci, ragowar ka ajiye don ciko. Filta kuma a canza duk juye, kar a ce a wanke a mayar, don dattin da ke cikinta zai koma cikin sabon man ne.

In an gama a tada motar ta ɗan yi aiki, a kashe a jira minti kaɗan, sannan ka zaro geji a wuri mai lebur ka tabbata man yana tsakanin alamomin nan biyu, in ya haura sama a rage.