Kada launi ya ruɗe ku wajen gane tsuntsu

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga wata 'yar shawara ga masu fita kallon tsuntsaye a Jos: ku daina dogara da launi kaɗai. Ni ma na daɗe ina kiran duk wani farin tsuntsun bakin ruwa balbela, sai da wani dattijo ya ce min, "Yaro, dubi baki da ƙafa tukuna." Balbelar da ke bin shanu bakinta rawaya ne, wuyanta gajere. Mai kama da ita ta bakin dam kuwa bakinta baƙi ne siriri, ƙafa baƙa, amma yatsun rawaya, kamar ta taka kunun gyaɗa.

Kurciyoyi sun fi wahala. Ku duba ƙeya: wasu na da baƙin zobe a bayan wuya, ƙaramar nan ta cikin gari ba ta da shi, ɗigo-ɗigo ne a ƙirjinta.

In ido ya gaza, kunne ya karɓa. A dajin Amurum da ke Laminga, kusa da Jos, akwai ƙananan baƙaƙen tsuntsaye masu saka ƙwai a sheƙar wasu, kusan da kuka kawai ake rarrabe su. Ku fita da sassafe, ku naɗi kukan a waya, ku rubuta wurin da lokacin.